Ƙashinki bai ƙare ba: amsa ga mai jegon da ƙugu ya hana sakat

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Jukun da ke Zariya, shekarata 28, haihuwata huɗu cikin shekara shida. Yau wata huɗu da na haifi na huɗun, amma jikina ya ƙi komawa. Tun cikin yana wata bakwai ƙashin marata yake ciwo kamar an sa gatari an raba. Har yanzu in zan juya a gado sai na cije leɓe, wani lokaci har ƙas nake ji. Hawa acaɓa ya gagare ni, tasowa daga sujada sai na dafa bango. Cikina bai koma ba, har ana tambayata ko wani ne ya shiga. In na yi atishawa ko tari fitsari yana ɗigo min, wannan kuwa ko maigidana ban faɗa wa ba. Uwar mijina ta ce don na katse wankan jego a sati uku ne sanyi ya shige ni, sai na sake wankan daga farko, na dage da kunun kanwa. Maƙwabciyata kuma ta ce yara ne suka tsotse min ƙashi, ta kawo min wani haɗi na kemis. In na sha sai in ji daɗi na yini ɗaya, ciwon ya dawo. Anti, da gaske ƙashina ya ƙare? In sake wankan?"

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana, ya ba ki ladan wahala. Sannu ƙwarai. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne wurin da kika ce ko maigida ba ki faɗa wa ba. Wata huɗu kina fama ke kaɗai. Bari in ba ki amsa a dunƙule kafin in warware: ƙashinki bai ƙare ba, kada ki sake wankan, haɗin kemis ɗin nan kuma ki rabu da shi, amma in kin daɗe kina sha kullum sai an duba ki a asibiti kafin ki yanke.

Mu nan duk ciwon da ya kama mace daga wuya zuwa gwiwa bayan haihuwa suna ɗaya muke ba shi, sanyi. Da zarar kuwa an ce sanyi, hankali ba ya zuwa ko'ina sai wajen murhu. Alhali abin da kika zayyano min ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai na gaɓa, akwai na tsoka. Shi ƙashin da kike jin tsoro a kansa, shi ne mai ƙaramin laifi a cikinsu.

Ƙugun mace ba ƙashi guda ba ne kamar ƙwarya. Zobe ne mai mahaɗa uku: biyu a baya, daidai 'yan ramukan nan biyu da ke saman ɗuwawu, ɗaya a gaba, ƙasan mara, inda kike jin gatarin. Wasu jijiyoyi masu tauri ne suka ɗaure kowace mahaɗa. Idan ciki ya shiga, jiki yana fitar da sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira rilaksin, su sassauta ɗaurin domin hanyar da ɗa zai bi ta ɗan buɗe. Tazarar mahaɗar gaba a mace marar ciki milimita 4 zuwa 5 ce, da ciki kuma takan ƙaru da milimita 2 ko 3, abin da bai wuce ƙwayar gero ba. Kaɗan ne a ido. To amma ki ɗora wa wannan sassautacciyar mahaɗa kilo 10 zuwa 15 da ciki yake ƙarawa, mafi yawansa a gaba, gadon baya ya lanƙwashe don ya tare nauyin, ga shara ga wanki ga goyon wanda ba a daɗe da yayewa ba. Shi ya sa kusan mace ɗaya cikin biyar take gamuwa da wannan ciwo a goyon ciki. A wasu ƙalilan tazarar takan wuce milimita 10, musamman bayan haihuwa mai wuya, kuma hoto ne yake nuna hakan.

Ki lura da lokutan da kika lissafa. Juyi a gado, hawa acaɓa, tasowa daga sujada. Duk motsi ne da yake ware ƙafafu, ko ya ɗora jiki a kan ƙafa ɗaya, ɓangare guda na zoben ya yi sama ɗayan ya yi ƙasa. Na tabbata tsallaka kwata da hawa bene ma haka suke miki. Ga mafi yawan mata abin yakan lafa cikin wata uku da haihuwa. Naki ya zarce, kuma ban yi mamaki ba. Ciki huɗu a shekara shida, ɗaurin bai taɓa gama ƙullewa ba wani cikin yake zuwa ya sake kwance shi.

Saboda haka maganin farko a motsinki yake. Ki riƙa ɗaukar gwiwoyinki biyu kamar tagwayen da ba a rabawa. In za ki kwanta, ki sa filo tsakaninsu. In za ki juya, ki haɗe su ki juya gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare. In za ki tashi, ki mirgina gefe, ki sauko da ƙafafu biyun, sannan ki tura da hannu. Siket da wando a zaune ake sa su. Acaɓa kuwa ki haƙura da shi na wasu watanni, ki hau Keke Napep, ki fara zama sannan ki shigo da ƙafafu tare. Goyo a tsakiyar baya da majanyi ya fi miki saɓa yaro a kwankwaso ɗaya nesa ba kusa ba. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cur, ba taki ba ce yanzu, haka jan guga da daka. Tsintsiyar nan gajera da muke duƙawa da ita a share tsakar gida, a sa mata doguwar sanda. Bahon wanki a ɗora shi a kan benci. In za ki ba da nono, ki jingina da bango, ki tada jaririn da filo ya zo wajen nono, ba ke ki sunkuya masa ba.

Salla kuma, don Allah kada ki azabtar da kanki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ki jawo kujera. Wanda ya ce uwa ta ɗauki ɗanta cikin rauni a kan rauni, a Suratu Luƙman, ya fi kowa sanin halin da kike ciki.

Cikin da bai koma ba, tsoka ce. Akwai tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, kamar ƙyaure biyu na ƙofa ɗaya, wani tantani ya haɗe su a tsakiya, daidai inda baƙin layin nan yake fitowa a cikin mai ciki. Mahaifa tana girma tana tura su gefe da gefe, tantanin yana miƙewa. Yau da dare ki gwada wannan: ki kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwoyi, ki ɗora yatsu a tsakiya sama da cibiya, sannan ki ɗan ɗaga kai kamar mai leƙen ƙafarta. Za ki ji gefunan tsoka biyu sun taso, ga rami a tsakani. Ki ƙirga yatsa nawa suka shige. Idan sun wuce biyu bayan sati takwas da haihuwa, aikin masu gashin ƙashi na asibiti ne. Ba ƙiba ba ce, ba kuma kumburi ba ne da za a ce a sha jiƙo ya wanke. Kuma tana da hannu a ciwon bayanki, domin waɗannan tsokoki su ne ɗamarar da ke riƙe da ƙugu ta gaba. In ɗamara ta saki, baya ne yake ɗaukar aikin duka.

Na san za a ce ki ɗaure cikin da zane tamau. Ɗauri yana sa a ji jiki ya haɗu, amma ba ya ƙarfafa tsoka, in kuma ya matse da yawa ƙasa yake tura kayan ciki, inda dama akwai rauni. In za ki ɗaura, ki sauko da shi ya zagaye ƙasusuwan kwankwaso, nan ne zai tallafi mahaɗar da ke ciwo.

Yanzu ga maganar da kika ɓoye. A ƙasan zoben nan akwai wata tsoka shimfiɗe kamar majanyi, ita ta tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Wata tara tana goyon nauyi, ranar haihuwa kuma ta miƙe iyakar miƙewa kan ɗa ya wuce. Sau huɗu ta yi haka. In kin yi atishawa, iska ta danno daga sama, ita kuma ba ta da ƙarfin rufe ƙofa da sauri, sai ɗigo ya kuɓuce. A shekarun da na yi a ɗakin masu haihuwa, na ga mata ba adadi da suke zuwa da ƙorafin ciwon baya, sai an gama komai, mace ta ɗauki jaka ta gyara hijabi, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta rage murya ta ce, "Sista, akwai kuma wani abu." Wannan wani abun shi ne naki. Wasu sun daina zuwa biki, wasu sun daina zuwa Islamiyya, wasu sun rage shan ruwa har fitsari ya riƙa yi musu zafi. Abin yana ci min rai, domin yana daga cikin matsalolin da suka fi jin magani, kuma maganin ba na kuɗi ba ne.

Ki matse gabanki da bayanki kamar mai riƙe tusa da fitsari a cikin mutane, ki ja sama, ba tare da kin riƙe numfashi ko kin matse cinyoyi ba. Ki ƙirga zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya, ki huta, ki sake. Sau goma a zama ɗaya, zama uku a yini. Da ƙarfi ya fara zuwa sai ki kai ƙirgen goma. Wani likita a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan atisaye a 1948, kuma har yau shi ake fara ba mace kafin a yi zancen wani abu. Sharaɗinsa naci, wata uku aƙalla ba fashi. Ki liƙa shi da wani abin da ba kya mantawa, bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i, kina zaune kina lazimi ba wanda zai sani. In kin ji atishawa na tafe, ki riga ta matsewa. Haka in za ki ɗauki yaro: ki matse, ki fitar da numfashi kina ɗan jan cibiya ciki, sannan ki ɗaga. Wannan jan cibiyar shi ne kuma farkon gyaran tsokar ciki. Ki sha ruwa sosai, ki ci ganye, kada bayan gida ya yi tauri ki riƙa yunƙuri. Hukuncin alwala ga mai irin wannan lalura akwai sauƙi a cikinsa, ki tambayi malamarku a keɓe.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ɗungurungum ba. Ɗa yana gina ƙashinsa da sinadarin kalsiyam na uwa, kimanin giram 30 kafin a haife shi, mafi yawa a wata ukun ƙarshe. Amma a lokacin ciki hanjin uwa yana ninka abin da yake tsotsa daga abinci, don haka ƙashinta ba ya taɓuwa sosai. A shayarwa ne jiki yake cin bashi daga ƙashi: kullum miligiram 200 da ɗoriya suna fita a nono, kuma cikin wata shida ƙarfin ƙashin baya yakan ragu da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Bashi ne, ba sata ba. Bayan yaye jiki yana mayar da shi cikin wata shida zuwa shekara. Kuma wannan raguwa ba ta ciwo, ba ita kike ji ba. Saboda haka kada wani ya sa ki cire yarinya ko yaro daga nono don ceton ƙashi. Haƙori ma da ake cewa kowace haihuwa tana cin ɗaya, ɗa ba ya zuƙar komai daga haƙori. Kumburin dasashi ne da tsamin aman laulayi suke ɓarnar.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne, mai biyan bashi sai da abin biya a hannu. Babbar mace tana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a yini, tuwon masara da miya tsululu kuwa ba sa kusantar haka. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana ba da wajen 300. Ki ƙara da miyar kuka, zogale, riɗi, alayyahu, ƙananan kifin da ake ci har ƙaya, da kunun tamba in kin samu a kasuwar Sabon Gari, don tamba ta fi duk hatsinmu kalsiyam. Sannan rana. Ba bitamin D, hanji ba ya iya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata, fata kuma take haɗa shi in rana ta taɓa ta. Mai jegon da ke yini a ɗaki, in ta fita kuma a rufe ruf, tana iya rasa shi a garin da rana ke ƙona mutane. Ki riƙa fitowa tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Rashinsa mai tsanani yana laushe ƙashi, ya sa tashi daga tabarma ya yi wuya, gwajin jini kuma yana gano shi.

Wankan jego. Iyayenmu da suka ce jikin mai jego ɗanye ne, gaskiya suka gani. Hutun arba'in, da hana ta aiki, da farfesu da gasasshen nama, da uwa ko goggo a kusa tana karɓar jariri, duk alheri ne, ni ma da su aka yi min. Ruwa mai ɗumi yana saki tsoka, yana rage ciwo, ki yi wanka da shi yadda kike so. Amma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ba ya ratsa fata ya je ya ƙulle mahaɗar ƙugu. Katsewar da kika yi a sati uku ba ita ta jawo ba, ke da bakinki kin ce ciwon ya fara tun ciki yana wata bakwai, lokacin ko tukunyar wankan ba a saya ba.

Kanwa kuwa a nan garin namu aka fi sanin labarinta. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka wallafa sakamakon a 1978. A lokacin kusan mace ɗaya cikin ɗari da ta haihu a nan tana kamuwa, adadin da ya girgiza likitocin duniya, kuma sun danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Masu bincike na baya sun ƙaro wasu dalilai, kamar hawan jini da rashin abinci mai gina jiki. Abin da ba gardama a kai shi ne kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ɗora wa zuciya kaya. Ba ta gina ƙashi. Ki sha kunun gyaɗa, ki bar na kanwa.

Haɗin kemis ya fi komai tayar min da hankali a wasiƙarki. Irin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda ba suna, sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki. Su ne masu sa a ji garau nan take. Su ne kuma, in aka daɗe ana sha, suke cinye ƙashi da gaske, su kumbura fuska, su ta da suga da hawan jini, har su kashe kan ƙashin cinya. Wato abin da kike tsoro yara sun yi miki, ƙwayar ce za ta iya yi. In kuma da tiramol ko kodin, suna bin nono su sa jariri barci mai nauyi. Idan kin wuce sati biyu zuwa uku kina sha kullum, kada ki yanke kwatsam, ki tafi da ledar asibiti gobe a duba, su nuna miki yadda za a janye. Farasitamol ba ya cutar da mai shayarwa, ki riƙe shi kafin a gan ki.

Asibiti dai sai kin je. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen gashin ƙashi, in kuma asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ya fi miki sauƙi, ki fara da can su tura ki. Ki faɗi duka ukun tun a zaman farko, ƙugu da ciki da fitsari, kada ki bar na ukun sai bakin ƙofa. Ki faɗi ko kina da sikila. Maɗori kuma ba nasa ba ne, babu karaya a nan, ja da murɗa sai su ƙara ɓata wurin. Akwai alamun da ba a kwana da su: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, haki ko kasa kwanciya sai a jingine, zazzaɓi tare da ciwon ƙugu, ƙafa ta saki tana jan ƙasa, tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba dare da rana ba tsayawa, ko ki ji wani abu yana leƙowa ta gaba. Kowace daga cikinsu, a tafi a ranar.

Sauran magana ta maigida ce. Ki faɗa masa, har da fitsarin. Shi zai ɗauki jarkar, shi zai samo mai taya ki wanki, kuma da shi za ku zauna kan batun tazarar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani tun a allo. Kwanika a wannan hali za ta mayar da ke baya fiye da inda kika faro, kuma shayarwa kaɗai ba abin dogaro ba ce da zarar jariri ya kai wata shida, ko ya fara cin wani abu, ko al'ada ta dawo. Ku je tare a nuna muku hanyoyin da suka dace da mai shayarwa. In kusantar juna tana miki ciwo, shi ma ki faɗa, kwanciya a gefe da filo tsakanin gwiwa tana sauƙaƙawa.

Hajiya uwar mijinki kuma kada ki yi musu da ita, tsoro take ji miki, da abin da ta sani take son ta taimaka. Ki bari ɗanta ya kai mata maganar. Ya ce an je asibiti, an ce mahaɗar ƙugu ce ta saki, an hana kanwa da ɗaukar nauyi, an ce ruwa mai ɗumi da hutu. Sannan ya roƙe ta abin da ta fi kowa iyawa: ta riƙe manyan yaran na 'yan makonni, ta riƙa aiko da miyar kuka da kifi.